Ƙananan jiragen ƙasa da muka gada: yaya ake gane su, nawa suke yi, wa ake sayar wa?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Mahaifinmu ya rasu, cikin kayan da ya bari akwai adaka biyu cike da ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki, irin waɗanda Turawa ke tarawa. Kawunan jirgi goma sha ɗaya, taragu sun kai sittin, sai layin dogo da taransifoma uku. Wasu na cikin kwalinsu, wasu a naɗe da jarida. Sunayen da na karanta a ƙarƙashinsu su ne Hornby Dublo, Tri-ang, Lima, da guda ɗaya Märklin. Wani mai sayen kondem, wato tsofaffin ƙarafa, daga Akwatia Line nan Kumasi ya yi tayin kwashe duka. Mu bakwai ne magada, babu wanda ya san kan abin. Ta ina ake farawa?

Baba Mai Rediyo, Alabar: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi. Ɗana, kafin a zo maganar kuɗi, kada ka jona ko ɗaya daga cikin taransifomomin nan. Na shekarun 1950 da 1960 danƙo ne ya rufe wayarsu, in ya daɗe a ɗaki mai zafi sai ya bushe ya farfashe daga ciki, jikin kuma ƙarfe ne. Kana taɓawa wuta ta ɗauke ka. In akwai shuɗi mai sunan Märklin, duba rubutun jikinsa, galibi 220 za ka gani, mu kuwa wutar gidajenmu 230 ce, don haka abin da zai fitar ya wuce wanda aka ƙera shi a kai. In ka ga 110 ko 120, irin wutar Amurka ke nan, yana shiga soket ya ƙone. Ajiye su gefe tukuna.

Alhaji na Adum: Allah ya gafarta masa. Mai kondem da sikeli yake ciniki, kilo yake gani. Kan jirgi ɗaya bai kai kilo guda ba, ka lissafa abin da zai ba ka. Ka sallame shi da magana mai daɗi. Kuma kwalayen nan, ko sun yage, kada mata su share su su zubar.

Injiniya na Suame: Ɗan'uwa, samo rula mai milimita ka auna tsakanin ƙarfen dogo biyu na gefe, daga ciki zuwa ciki. In ka sami 16.5 to OO ne ko HO. In 32 ne O ke nan, 12 TT ne, 9 kuma N. OO da HO faɗin layinsu ɗaya, girman jikin jirgin ne ya bambanta: OO na Ingila kashi ɗaya ne cikin 76 na jirgin gaske, HO na sauran Turai da Amurka kashi ɗaya cikin 87. Sannan ka ƙirga mini ƙarfe nawa ne a kan kowane layi.

Ɗan Aboabo: Na gode iyayena. Injiniya, duka 16 da rabi ne. Amma layin iri uku ne. Akwai mai gindin gwangwani da ƙarfe uku a jere, akwai wani mai gindin gwangwani da ƙarfe biyu sai ɗigo-ɗigo na ƙarfe a tsakiya, sauran ƙarfe biyu ne kawai a kan roba.

Injiniya na Suame: To kana da tsari uku da ba sa haɗuwa, ka raba su tun yanzu.

Mai ƙarfe uku na Hornby Dublo ne. Wuta na shiga ta ƙarfen tsakiya ta fita ta na gefe, bolt 12 ce irin ta batir. Juya kan jirgin, za ka ga wasu ƙananan harsunan ƙarfe a tsakiyar cikinsa, su ke shafar ƙarfen tsakiya. Tayoyinsa na hagu da na dama a haɗe suke ba abin da ya raba su, shi ya sa in ka ɗora shi a kan layi mai ƙarfe biyu wuta za ta haɗe nan take.

Mai ɗigo-ɗigo na Märklin ne, kamfanin Göppingen a Jamus. Shi wutarsa mai kai da komo ce, bolt 16, kuma a ƙarƙashin kan jirgin akwai wani dogon takalmin ƙarfe da ke bin ɗigon. Yadda yake juya gaba da baya ma daban ne: taransifoma ke aika masa bugun wuta na kusan bolt 24, wani makunni a ciki ya sauya hanya. Ka ba wa Lima ko Tri-ang wannan wutar, injinsu zai yi ta kaɗuwa a wuri ɗaya yana zafi har ya ƙone.

Mai ƙarfe biyu shi ne na Tri-ang da Lima, bolt 12.

Hajiya ta Manchesta: Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena, bari in ba ka shekarun kayan, domin da su ake fara sanin daraja. Kamfanin Meccano na Libaful ne ya fito da Hornby Dublo a 1938. Mai ƙarfe uku kaɗai suka yi ta yi har 1959 kafin su ƙara da mai ƙarfe biyu. Kwalin mai uku shuɗi ne, na mai biyu ja ne. A 1964 masu Tri-ang suka saye Meccano, a 1965 sunan ya koma Tri-ang Hornby, daga 1972 kuma Hornby kawai. Wannan ya sa mutane ke ruɗewa, suna ganin duk abin da aka rubuta wa Hornby abu ɗaya ne. Dublo ƙarfe ne mai nauyi. Tri-ang roba ce, an yi shi da araha don yara, lambarsa na farawa da R. Lima na Italiya ne, shi ma na araha. Märklin ɗin in an rubuta masa Western Germany to an yi shi kafin haɗewar Jamus a 1990.

Yanzu ka rubuto mana suna da lambar da ke gefen kowane kan jirgi, da ko yana da kwalinsa.

Ɗan Aboabo: Dublo biyar ne: Duchess of Montrose 46232, Silver King 60016, Dorchester 34042, sai baƙaƙe biyu marasa suna, 69567 da 80054. Tri-ang uku: Princess Elizabeth 46201 guda biyu da wani ƙarami 47606. Lima biyu masu siffar jirgin dizal. Märklin ƙarami ne baƙi mai jan taya, 89 005. Dorchester da Duchess da 80054 suna da kwali.

Hajiya ta Manchesta: To ga inda zancen yake. Goma daga cikin sha ɗayan nan kaya ne da suka cika kasuwa. Princess Elizabeth yaran Ingila da yawa da aka saya wa jirgi a shekarun 1950 shi aka saya musu, a gwanjo tara su ake yi a kwali ɗaya a sayar a dunƙule. Märklin ɗinka lambar kataloginsa 3000, miliyoyi aka buga. Duchess da Silver King da baƙaƙen biyu suna da masu saye, amma ba kuɗin da zai tayar da hankali ba ne.

Dorchester daban yake. Ya fito a 1961, lokacin da masu saye sun riga sun koma mai ƙarfe biyu, don haka kaɗan aka yi mai ƙarfe uku. Shi da Ludlow Castle da City of Liverpool suna cikin waɗanda masu tara Dublo ke nema. Ba mamaki shi kaɗai ya fi sauran goman in an haɗa su. Sai dai a tabbatar na asali ne. Kamfanin Wrenn da ya gaji injinan ƙera Dublo shi ma ya yi Dorchester mai lamba 34042, amma mai ƙarfe biyu, kuma da sunan Wrenn a ƙarƙashi. Akwai kuma masu ɗaukar Barnstaple 34005, tagwayensa mai ƙarfe biyu wanda ya fi yawa, su sauya masa suna da lamba. Duba ƙarƙashi ko akwai harsunan ɗaukar wuta na tsakiya, duba ko lambar gefe ta yi kama da an liƙa ta a kan wata, sannan ka duba bakin kwalin, ya kamata ka ga 3235.

Ɗan Aboabo: Hajiya, 3235 ne a kwalin, ƙarƙashin kuma Hornby Dublo, Meccano. Har da wata 'yar takardar bayani a ciki. Yana da ƙura sosai, in wanke shi da omo?

Baba Mai Rediyo, Alabar: A'a! Ruwa ba ya zuwa kusa da shi. Burushin fenti mai laushi, irin na 'yan makaranta, busasshe, shi kaɗai. Lambobi da layukan adon da ke jikinsa liƙa su aka yi, shekara sittin ta sa sun yi rauni. Omo, fetur, tina, man birki, sifirit, duk suna ɗaga su ko su cinye fentin. WD-40 ma kada ka fesa, yana shiga inji ya jiƙa kabon da ke kai masa wuta ya tara datti.

Hajiya ta Manchesta: Kuma kada a goge don ya yi ƙyalli. Duchess da Silver King na farko fentinsu mai sheƙi ne, na baya ba shi da sheƙi, masu saye kuma suna bambanta farashinsu. In ka goge marar sheƙi ya fara ƙyalli, ka ɓata shi bai kuma zama mai sheƙin ba. Wanda aka sake wa fenti, komai kyan aikin, darajarsa ta faɗi ƙasa da na wanda ya goge da fentinsa na asali.

Injiniya na Suame: A kan fenti na yarda da ku. Amma ni ina ganin a gwada su. Mai saye in ya ga an rubuta "ba a gwada ba" ɗauka yake matacce ne, ya yi tayi a kan haka. Kan jirgin da aka nuna bidiyonsa yana tafiya gaba da baya ya fi kuɗi, ba gardama.

Ga yadda ake yi ba tare da tsohuwar taransifoma ba. Tri-ang da Lima, batir mai kusurwa huɗu na bolt 9 ya isa, ka juya jirgin a kan tsumma ka taɓa kawunan batirin a tayoyin hagu da dama. Dublo ya fi cin wuta, ƙaramin batirin ba zai ja shi ba. Yi amfani da batirin babur na bolt 12, amma ka sa ƙwan sigina na mota mai wat 21 a kan waya ɗaya tsakanin batir da jirgi. Waya ɗaya a harshen tsakiya, ɗayar a jikin taya. In inji ya juya ƙwan ya ɗan yi ja, lafiya. In ƙwan ya kama da haske sosai inji bai motsa ba, cire nan da nan, ko dai wuta ta haɗe ko inji ya cije.

Baba Mai Rediyo, Alabar: Injiniya, ka tsallake mataki, kuma a nan ake ƙona su. Jirgin da ya shekara talatin a adaka, man da ke cikinsa ya daskare ya zama kamar ƙaro. Ka ba shi wuta a haka, inji na son juyawa haƙora sun riƙe, cikin daƙiƙa kaɗan wayar naɗin ta ƙone. Sai an fara kwance jikin, galibi noti ɗaya ne ko biyu, a juya injin da yatsa a ga tayoyi na biye. In ya cije, a ɗiga sifirit kaɗan a kan haƙora da bakin sandunan taya kawai, a goge tsohon mai da tsinke, sannan a sa man keken ɗinki da bakin allura, ɗigo ɗaya a kowane wuri. Kada mai ya taɓa kabon ko tagullar da kabon ke gogawa. Kuma kada ka tura kan jirgi da hannu a kan tebur don ka ga ko taya na juyawa. Irin haƙoran Dublo da Tri-ang daga inji ake juya taya, ba a juya inji daga taya, turawa karya haƙori take yi ko ta kwance taya daga mazauninta.

Matsalar Dublo ta biyu maganaɗisu ne. Yana rauni da shekaru, kuma in aka zare shi ko aka cire cikin injin ba a dafa masa wani ƙarfe ba, ƙarfinsa na tafiya nan take. Mai raunin maganaɗisu yana tafiya a hankali yana zafi yana cin wuta. Sa mita ka gani: lafiyayye kusan rabin amfiya yake ci ko sama kaɗan, in ya doshi amfiya ɗaya kashe shi. Dorchester injinsa irin mai zoben maganaɗisu ne da suka fara sawa a 1960. Wannan dai kada kowa ya buɗe shi.

Injiniya na Suame: Baba, a kan Dorchester na bi ka. Sauran goman fa?

Hajiya ta Manchesta: Sauran a gwada yadda Baba ya ce, domin ko an yi ɓarna asarar kaɗan ce. Dorchester mai sayensa ya fi son ya same shi yadda yake, shi zai kai wa mai gyaransa.

Malam na Sabon Zango: Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan mamaci. Ina tunatar da ɗana cewa kayan nan ba nasa ba ne shi kaɗai, ko da a ɗakinsa suke. Dukiyar mamaci ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya in akwai, ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. Kada ka sayar da ko tarago ɗaya sai magada duka sun sani sun yarda, in akwai ƙananan yara kuma waliyyinsu ya tsaya musu. Abin da Hajiya ta bayyana ya nuna ba a raba irin wannan kaya da ƙirga, a ce kowa ya ɗauki kan jirgi ɗaya, domin wanda Dorchester ya faɗo wa ya kwashe rabon 'yan'uwansa. A yi musu kima, a sayar a raba kuɗi, ko wanda ke son ya riƙe don tunawa da mahaifinsa ya biya sauran bisa kimar. A rubuta, a sa shaidu biyu. Ta ɓangaren hukuma kuma akwai dokar gado ta Gana ta 1985, PNDC 111, ga wanda ya rasu bai bar wasiyya ba. In akwai alamar saɓani a gida, a ga lauya kafin kaya su bar ƙasa.

Ɗan Aboabo: Allah ya saka, Malam, za mu zauna da iyayenmu mata da Kawu ranar Juma'a. To kimar yaya ake yin ta? Na duba intanet na ga farashi ya sha bamban ƙwarai a kan abu ɗaya.

Hajiya ta Manchesta: Abin da kake gani kuɗin da masu kaya ke nema ne, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. A eBay na Ingila akwai wurin da ake zaɓar kayan da aka riga aka sayar, shi za ka danna. Rubuta sunan kamfani da lambar kwali, misali Hornby Dublo 3235. Ɗauki ciniki biyar ko shida na kwanan nan, jefar da mafi tsada da mafi araha, ka duba na tsakiya. Gidajen gwanjon kayan wasa irin su Vectis suna barin sakamakon gwanjonsu na baya a shafinsu da hotuna da bayanin lafiyar kaya, can ma ka duba. Abin da zai wahalar da kai shi ne yi wa kayanka adalci. Ka kwatanta da wanda ya yi daidai da naka a ƙarzuwar fenti, tsatsa, da lafiyar kwali, ba da wanda ya fito kamar daga shago ba. Kwali da takardar bayani da ƙananan kwalayen da ke tallafe jirgin a ciki duk suna cikin lissafi.

Alhaji na Adum: Hajiya, duk wannan farashin Ingila ne, kaya kuwa suna Aboabo. Ni shawarata a ɗauki hoto a sa a shafukan talla na Jiji ko Tonaton ko a Facebook, a sayar duka lokaci ɗaya a huta. Akwai Turawa da masu kayan tarihi a Ankara babban birnin Gana, wajen Osu da Cantonments. Tsuntsu ɗaya a hannu. Aikawa waje ɗawainiya ce, kuma magada bakwai ba za su jira wata shida ba.

Hajiya ta Manchesta: Alhaji, wanda zai sayi duka a dunƙule a Gana ko dai bai san kayan ba, ya yi tayin kuɗin kayan wasan yara, ko ya san su sarai, ya saya don Dorchester ya sami sauran kyauta. Ko a Ingila dillalin da ke sayen tari ba ya biyan kuɗin da zai sayar, sai ya cire ribarsa da gyara da zaman kaya a shago, in ka sami rabi ka gode. Raba su za a yi.

Mai Kiliya, Tema: Ku duka kuna da gaskiya, lissafin kaya zai raba ku. DHL da irinsu ba nauyin sikeli kaɗai suke caji ba. Suna ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita su raba da 5000, wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaske shi za ka biya. Kwali mai 50 da 40 da 30 kilo 12 ne a wurinsu ko iska ce a ciki. Layin dogo na gwangwani da taransifoma nauyi gare su ba daraja, kuɗin aika su ya fi kuɗinsu. Tri-ang da Lima ma haka. Waɗannan a bi Alhaji a sayar a gida. Dublo biyar ɗin da taragunsu masu kwali su ne suka cancanci jirgin sama, kuma za su shiga kwali ɗaya madaidaici.

A can kuma akwai harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan kayan da suka shiga Ingila. A takardar kwastan ka rubuta gaskiya: tsofaffin jiragen wasa, adadinsu da kimarsu. Masu rubuta "kyauta" da ƙaramin kuɗi don gudun haraji, ranar da kaya suka ɓace ko suka fashe wannan ƙaramin kuɗin inshora za ta biya su. In ɗan'uwa ne zai tafi da su a jaka, kayan sayarwa ne, dokarsu ta ce a bayyana su a filin jirgi.

Alhaji na Adum: To a cire haraji, a cire kuɗin aikawa, a cire la'adar gidan gwanjo. Me ya rage?

Hajiya ta Manchesta: Shi ya sa ba a aikawa sai an tambaya. Gidajen gwanjo na duba hotuna ta imel su faɗi abin da suke hasashe kyauta. Ka tambaye su abu huɗu a rubuce: kashi nawa suke cira daga mai kaya, ko akwai kuɗin hoto da inshora, wa zai biya harajin shigowa, kuma ta wace hanya kuɗi zai iso Gana. Ka sani kuma mai saye shi ma ana ɗora masa la'ada, sau da yawa sama da kashi 20, don haka in ka ga sakamakon gwanjo ka duba ko da ita aka rubuta ko babu. A ce an buga guduma a fam 300 gidan na cire kashi 15, saura 255, daga nan ka cire aikawa da haraji. In abin da ya rage bai fi tayin Ankara da tazara mai kyau ba, Alhaji ya yi gaskiya. Ka kuma nemi a sa wa Dorchester farashin da ba za a sayar ƙasa da shi ba, kuma a fitar da shi shi kaɗai, kada a cusa shi cikin tari.

Ɗan Aboabo: Na fito da taragun yau. Wasu na Tri-ang sun lanƙwashe a tsakiya. Guda huɗu na Dublo gindinsu ya tsattsage, ɗaya taya ta marmashe a hannuna, kuma maƙalarsu ba irin ta sauran ba ce, wani siririn falle ne a kwance. Adakar cike take da kafur.

Injiniya na Suame: Lanƙwasar Tri-ang ba ta gyaruwa. Na farkon shekarun 1950 da wata roba aka yi su mai motsi da zafi da laima, daga baya suka sauya. Kada ka sa su a ruwan zafi ko rana don su miƙe, ƙara lalacewa za su yi.

Tsattsagewar kuwa ciwon ƙarfen ne. Gindin da tutiya aka zuba shi, in dalma ta gauraya da ita tun a masana'anta, da shekaru ƙarfen na kumbura daga ciki ya tsage ya marmashe, laima irin ta Kumasi kuma na hanzarta shi. Ba ya yaɗuwa zuwa wani tarago, amma ba ya tsayawa, gam ba ya maganinsa. Maƙalar da ka kwatanta ta kafin yaƙin duniya na biyu ce, bayan yaƙi suka koma mai ƙugiya. Kayan wancan lokacin su wannan ciwo ya fi kamawa, shi ya sa lafiyayyunsu ke tsada. Duba cikin sittin ɗin ko akwai mai irin wannan maƙala da bai tsage ba, ka ware shi. Tsagaggun ma kada ka zubar, in jikin gwangwanin na sama da rubutunsa na da kyau akwai masu saye su ɗora a kan wani gindin.

Baba Mai Rediyo, Alabar: Kafur a fitar da shi yau. Yana korar kyankyasai amma tururinsa na cin roba. Jarida ma a cire, tawadarta na kama fenti kuma tana riƙe laima. Wayar lantarki kada ta kwanta a jikin tarago na roba, tana narka masa sawu. A sa su a akwatin roba mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a ɗaga daga ƙasa saboda gara, nesa da bangon da ke jiƙa da damina.

Mai Kiliya, Tema: Wajen naɗewa: farar takarda mai laushi ta fara taɓa jirgi, sannan leda mai ƙurajen iska a kanta, domin in ledar ta kwanta kai tsaye a kan fenti cikin zafi tana barin tabo. Kan jirgi da taragon gawayinsa a naɗe su dabam. In za a mayar da shi kwalinsa na asali a cike gibin da takarda har ya daina motsi, in ba haka ba nauyinsa zai fasa bakin kwalin a hanya. Kada salatif ya taɓa kwalin asali. Kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya, da tazarar santimita biyar ta kowane gefe.

Alhaji na Adum: Na gida kuwa, tunda an bar mini su: a haɗa saiti mai aiki. Kan jirgi ɗaya, tarago huɗu, layin da ya zagaye, a yi bidiyo yana tafiya. Haka iyaye ke saye, tarkace a buhu ba mai kallonsa. Lima dabam, Tri-ang dabam, maƙalarsu ba lallai ta haɗu ba. Märklin da layinsa saiti ne shi kaɗai. Faɗi a tallan cewa babu taransifoma, mai saye ya nemi sabuwa. Na gwangwani masu tsohon fenti ba na yaron da ke kai abu baki ba ne, wannan ma a faɗa. Kuɗi kuma in ta MoMo ne, wato asusun waya, ka buɗe asusunka ka ga sun shiga da idonka, saƙon da aka nuna maka a waya ba shaida ba ne. Wanda ya ce yana waje zai turo direba ya biya ka fiye da farashi ka mayar da canji, rufe wayarka.

Ɗan Aboabo: Layin Tri-ang ɗin ya yi tsatsa. In goge da sanfefa?

Injiniya na Suame: Ƙarfe ne da aka shafa wa kariya a sama, sanfefa na kankare ta, bayan mako biyu tsatsar ta dawo fiye da da. Mai tsatsa kaɗan ka goge samansa da magogin biro mai tauri, ka bi da tsumma da sifirit. Wanda tsatsa ta ci mahaɗinsa wuta ba za ta wuce ba, shi kam ka ba mai kondem.

Hajiya ta Manchesta: Hotunan da za ka aika gidan gwanjo: kowane kan jirgi gefe biyu, gaba, baya, sama, ƙarƙashi, da bakin kwalin inda lamba take. A hasken rana cikin inuwa, a kan farar takarda, ba filasha. Duk inda fenti ya ƙarzu ka matso ka ɗauka, gara su gani yanzu da su rage kima bayan kaya sun isa hannunsu. Taragun Dublo ka jera su goma-goma yadda rubutun gefensu zai karantu, masu tayar roba dabam masu tayar ƙarfe dabam. Turo mana na Dorchester nan tukuna mu duba lambar gefen kafin ka aika ko'ina.